RAWAYA: SIFFOFINTA DA MAZAUNINTA A DUWATSUN ƘASAR RANO DA KIBIYA

1.0 Gabatarwa

Duk Bahaushen da aka tambaya ma'anar kalmar rawaya, amsar da zai fara bayarwa ita ce, launi ne, irin na garin ɗorawa ko gwaiduwar ƙwai. Kaɗan ne daga cikin ɗalibanmu na yau suka san cewa rawaya sunan wani tsiro ne na daji, wanda ake samun rini daga saiwarsa. Wannan kuwa ba baƙon abu ba ne a Hausa, domin haka muka samu ruwan ɗorawa da ruwan goro da ruwan toka, watau a ɗauki sunan abu a laƙaba wa launinsa. Abin lura a nan shi ne, sunan launin ya zauna daram a bakin jama'a, amma tsiron da ke da sunan yana neman ɓacewa daga saninsu.

Maƙasudin wannan takarda shi ne a bayyana siffofin rawaya da irin wurin da take fitowa, tare da ɗaukar duwatsun ƙasar Rano da Kibiya a kudancin Jihar Kano a matsayin misali. Abin da takardar ke son ta tabbatar guda ɗaya ne: rayuwar rawaya duka a saiwarta take. Da saiwar take jure wa fari da zafin dutse da gobarar daji, daga cikinta take fitar da fure a lokacin da sauran tsirrai suka bushe, kuma ita ce mutane suke haƙa. Wanda ya fahimci saiwar, ya fahimci dalilin da ya sa rawaya ta zauna a dutse, ya kuma fahimci hanyar da za a iya rasa ta.

2.0 Suna da Dangi

Masana ilmin tsirrai suna kiran rawaya Cochlospermum tinctorium. An fara bayyana ta da wannan suna a shekarar 1831, cikin wani littafi da masana na ƙasar Faransa suka wallafa a kan tsirran ƙasar Sanagal da Gambiya. Kalmar farko ta samo asali daga harshen Girka, ma'anarta iri mai kama da katantanwa, saboda yadda ƙwayar irin take a lanƙwashe. Kalma ta biyu kuwa Latin ce, tana nufin abin da ake rini da shi. Ashe ke nan Bature da Bahaushe duk abu guda suka gani, watau rinin.

J. M. Dalziel, likitan da ya yi aiki a Nijeriya ta Arewa, ya kawo rawaya cikin littafinsa na sunayen tsirrai da Hausa na 1916, ya kuma faɗaɗa bayanin amfaninta cikin littafinsa na tsirrai masu amfani na Afirka ta Yamma na 1937. A wasu wurare ana kiranta balagande. Tsofaffin littattafai sun ware mata dangi na kanta mai suna Cochlospermaceae, amma masanan yau sun mayar da ita cikin dangin Bixaceae, inda ta haɗu da wata bishiya ta Amurka ta Kudu mai suna Bixa orellana, wadda ita ma ake samun launin abinci daga irinta.

Ya kamata a lura cewa rawaya tana da 'yar'uwa, Cochlospermum planchonii, wadda sau da yawa akan kira su da suna ɗaya. Za a kawo bambancinsu a gaba.

3.0 Siffofin Rawaya

3.1 Saiwa

Abin da ake gani na rawaya a bisa ƙasa ɗan kaɗan ne daga cikin jikinta. Ainihin tsiron yana binne, watau wani kakkauran tushe mai kama da itace, wanda yake shekara da shekaru yana girma a ƙarƙashin ƙasa. Jama'a suna kiransa saiwa, mu ma haka za mu kira shi, ko da yake samansa yana ɗauke da idanun da sababbin rassa suke tohowa daga gare su. Bayansa baƙi-baƙi ne mai kaushi, amma in an sare shi sai a ga cikinsa rawaya jawur, har yakan rina hannu da wuƙa. Wannan launi yana fitowa daga sinadarai dangin waɗanda suke ba karas da manja launinsu.

Aikin saiwa ga tsiron iri uku ne. Rumbu ce ta abinci, domin abin da ganye ya sarrafa da damina a cikinta ake tarawa. Randa ce ta ruwa. Sa'an nan kuma mafaka ce daga wuta.

3.2 Kara da Ganye

Da saukar damina rawaya takan fitar da rassa masu ganye daga kan saiwa, tsawonsu bai cika wuce santimita 80 ba, watau ƙasa da kamu biyu. Ganyen yana fitowa ɗaya bayan ɗaya a jikin kara, ba bibbiyu suna fuskantar juna ba. Kowane ganye ya rabu kamar yatsun hannu, galibi gida biyar, wani lokaci uku, kuma tsagin ya yi zurfi har kusa da gindin ganyen, kamar dai ganyen rogo. Waɗannan rassa na shekara guda ne. Da kaka ta yi sai ganyen ya kaɗe, karan ya bushe, in wuta ta zo ta cinye shi, ba a ganin ko alamar inda tsiron yake.

3.3 Fure

Furen rawaya yakan fito ne da rani, daga tsakiyar hunturu zuwa bazara, musamman bayan an yi toyi. Yana fitowa kai tsaye daga kan saiwa, a kan gajeren kara, dab da ƙasa, ba tare da ganye ko ɗaya ba. Wanda ya bi ta ƙonannen daji a wannan lokaci zai ga furanni manya-manya zube a kan baƙar toka kamar wani ne ya watsa su.

Faɗin fure ɗaya yakan kai santimita 6 zuwa 9. Yana da koren mayafi mai ɓari biyar wanda ke rufe shi tun yana ƙunshe, da fallaye biyar masu launin zinariya. A tsakiyarsa akwai zarurruka na namiji masu yawan gaske, kowanne da 'yar jakar bununi a kansa, sun kewaye mahaifa guda ɗaya ta mace. Furen nan ke nan mata-maza ne, ya haɗa ɓangarorin biyu a wuri guda.

Akwai wani abin sha'awa game da jakar bununin. A yawancin furanni jakar takan tsage a tsaye, garin ya zube. A rawaya da danginta kuwa ɗan rami ne kawai a bakin jakar, garin ba ya fita sai an girgiza shi. Manyan ƙwari dangin ƙudan zuma, irin masu huda itace su yi gida, su ne gwanayen wannan aiki. Ƙwaron yakan rungumi zarurrukan ya kaɗa jikinsa da ƙarfi, garin ya feso masa, ya ɗauka ya kai wa wani furen. Ta haka barbara take faruwa, iri ya ƙullu.

3.4 'Ya'ya da Iri

Bayan fure ya kaɗe sai kwanso ya fito, mai siffar ƙwai, tsawonsa kamar santimita 4 zuwa 6. In ya bushe yakan tsage gida uku zuwa biyar, farar auduga ta bayyana, kamar ta rimi amma ƙarama. A cikin audugar ƙwayoyin irin suke, baƙaƙe, lanƙwasassu. Iska ce take ɗaukarsu ta watsa. Ɓawon irin yana da tauri ainun, ruwa ba ya ratsa shi da wuri, saboda haka ba duka suke tsira a damina ɗaya ba. Wasu sukan kwanta a ƙasa har sai zafin rana da gogayyar tsakuwa sun raunana ɓawon.

3.5 Bambancinta da 'Yar'uwarta

Cochlospermum planchonii ta fi tsawo, takan kai mita biyu. Tsagin ganyenta bai yi zurfi ba, bayan ganyen kuma fari-fari ne mai laushin gashi. Babban bambancin shi ne, ita tana fure ne a ƙarshen damina, a kan dogayen rassa masu ganye, kuma ta fi yawa can kudu inda ruwa ya fi sauka. Saboda haka duk furen rawaya da aka gani a ƙasa, babu ganye, da tsakiyar rani, to Cochlospermum tinctorium ce.

4.0 Mazaunin Rawaya

4.1 Yaɗuwarta

Ana samun rawaya a faɗin dajin da ke kudu da Sahara, tun daga Sanagal da Mali da Barkina Faso, ta Arewacin Nijeriya da Kamaru da Cadi, har Sudan da Uganda. A duk waɗannan ƙasashe irin wurin da take so ɗaya ne: fili mai rana, ƙasa mai tsakuwa ko marmara, gangaren dutse, saura, da dajin da wuta take ci kowace shekara. Ba ta son fadama, domin kwantaccen ruwa yana ruɓar da saiwa. Ba ta son inuwa mai duhu.

4.2 Ƙasar Rano da Kibiya

Ƙaramar Hukumar Kibiya tana maƙwabtaka da Rano da Bunkure da Garko da Sumaila da Tudun Wada. Ƙasa ce shimfiɗaɗɗiya mai tsayin kimanin mita 500 daga doron teku, amma duwatsu sun yi tsiri a cikinta nan da can, wasu curarru masu santsi, wasu tarin manyan duwatsu ɗaya bisa ɗaya, wasu kuma falale ne kwance. Wanda ya bi hanya daga Rano zuwa Kibiya, ko ya nufi Rurum, ya san wannan siffa. Waɗannan duwatsu ba su kai tsaunukan Filato ko na Mambila tsawo ba. Giranit ne tsoho, wanda ya daskare a ƙarƙashin ƙasa fiye da shekara miliyan 500 da suka wuce, zaizaya ta kwashe abin da ke kansa ya bayyana.

Ruwan sama a wannan yanki yakan kusanci milimita 1,000 a shekara mai kyau, kuma kusan dukkansa yana sauka tsakanin watan Mayu da farkon Oktoba. Sauran watannin kusan babu ruwa. Bisa rabon da R. W. J. Keay ya yi wa dazuzzukan Nijeriya, yankin yana cikin dajin Sudan ne, amma dab da iyakar dajin Gini ta Arewa, wanda ake ganin sosai a dajin Falgore, inda doka take da yawa.

4.3 Dutse a Matsayin Mazauni

In an dubi dutse ɗaya da kyau za a ga wurare uku daban-daban. Na farko shi ne tsurar falale, inda babu ƙasa, sai gansakuka da 'yan ciyayin da suke manne wa dutse. Na biyu shi ne tsaguna da ramuka, inda ƙura da ruɓaɓɓen ganye suka taru. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga, to haka bishiyoyin dutse suke, irin su hano da kukkuki da wasu dangin ɓaure, a tsaguna suke cusa saiwoyinsu. Na uku shi ne gindin dutse da gangarensa, inda tsakuwa da burji suka baje, a wasu wuraren kuma marmara ta fito fili. A nan ake samun marke da taura da faru da ciyawar gamba, kuma a nan ne gidan rawaya.

Wannan wuri yana da wuyar zama ga tsiro. Ƙasarsa ba ta da zurfi, ba ta riƙe ruwa. Da damina ruwan da ya sauka a kan falale yakan gangaro gaba ɗaya ya jiƙa gindin dutsen, amma cikin 'yan kwanaki ya tsane. Da rani dutse yakan ɗauki zafin rana ya mayar wa ƙasar da ke kewaye da shi. Tsiron da zai rayu a nan dole ya kasance mai iya kwasar ruwa da abinci cikin watanni biyar, ya adana su don sauran bakwai. Wasu tsirrai sun warware matsalar ta hanyar mutuwa su bar iri. Kukkuki da hano suna zubar da ganye su dogara da jikinsu. Rawaya kuwa ta koma ƙarƙashin ƙasa.

4.4 Rawaya da Wuta

Ƙasa ba ta ɗaukar zafi ta kai shi ciki da sauri. Wutar ciyawa takan wuce cikin 'yan mintoci, kuma zafinta bai cika ratsa fiye da 'yan santimita kaɗan ba. Saboda haka idanun da ke kan saiwar rawaya sukan kuɓuta. Daɗin daɗawa, wutar tana yi mata hidima. Tana share dogayen ciyayin da za su rufe gajeren furenta, ƙwari su hango shi daga nesa a lokacin da furanni suka yi ƙaranci. Tana buɗe fili, iska ta sami hanyar ɗaukar audugar irin. Sa'an nan irin yakan nuna kafin ruwan farko, ya tarar da ƙasa a share da takin toka.

Amma fa ba kowace wuta ba. Toyin farkon rani, lokacin da ciyawa ba ta gama bushewa ba, ba shi da zafi sosai, kuma yana zuwa kafin fure. Gobarar ƙarshen rani, irin wadda masu farautar gafiya ko masu sassabe suke tayarwa, tana da zafi, tana kuma iya tarar da fure ko ɗanyen kwanso ta cinye. Saiwar za ta rayu, amma irin wannan shekarar ya tafi.

5.0 Rawaya a Rayuwar Jama'a

Tarihin Hausa Bakwai ya kira Kano da Rano sarakunan baba, saboda shaharar ƙasashen biyu a kan rini. Baba ke ba da shuɗi, rawaya kuwa tana cikin abubuwan da suke ba da launin ɗorawa. Akan daka saiwar, a jiƙa ko a dafa, a tsoma zare ko tufa ko kaba ko fata. In aka haɗa rininta da na baba sai a sami kore. Wannan sana'a ta ja baya tun da galura ta shigo daga Turai, bayan da aka fara haɗa rini a masana'anta a Ingila a 1856, aka kuma fara sayar da shunin masana'anta a Jamus a 1897.

A wurare da dama na Afirka ta Yamma ana sa garin saiwar a miya ko a man kaɗe don ya ba da launi. Amma amfanin da ya fi shahara a yau shi ne magani. Masu maganin gargajiya suna ba da jiƙon saiwar ga mai ciwon shawara da mai zazzaɓi da mai ciwon ciki. Tun shekarun 1980 masana suke gwada saiwar a ɗakunan bincike, sun kuma ga alamun tana kare hantar dabbobin gwaji. Wannan ba ya nufin ta maye gurbin asibiti. Shawara alama ce ta cututtuka dabam-dabam, daga cikinsu akwai ciwon hanta mai yaɗuwa, wanda sai an auna jini ake gane shi.

6.0 Abubuwan da ke Barazana gare Ta

Rawaya tana da yawa a Afirka ta Yamma, ba ta cikin tsirran da suke gab da ƙarewa a duniya. Amma tsiro yana iya yawa a nahiya ya ƙare a gari. Abubuwa huɗu ne suke takura ta a yanki irin na Rano da Kibiya.

Na farko shi ne haƙa. Mai tsinkar ganyen zogale ko mai roron ɗorawa yana barin uwar a raye. Mai haƙar rawaya kuwa ainihin tsiron yake ɗaukewa, abin da ya yi shekaru yana girma. Mafi muni, furen ne yake nuna wa mai haƙa inda saiwar take da rani, saboda haka sau da yawa akan tumɓuke ta kafin ta zubar da iri.

Na biyu shi ne ƙarewar saura. A da manomi yakan bar gona ta huta, rawaya ta farfaɗo a cikinta. Yanzu jama'a ta yawaita, noma ya faɗaɗa a kudancin Kano, musamman tun bayan kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974. Garmar shanu da ta tarakta suna tuge saiwar da fartanya takan tsallake, maganin feshi kuma yana kashe rassan damina waɗanda suke ciyar da ita. Wannan ne ya sa gindin dutse, inda garma ba ta shiga, ya zama mafakarta.

Na uku shi ne fasa dutse da kwasar marmara da burji don gini da hanya, wanda yake kwashe mafakar ita kanta. Na huɗu kuwa shi ne gobarar ƙarshen rani da aka ambata.

7.0 Shawarwari

Na farko, masu haƙa su jinkirta har kwanso ya tsage iri ya tashi, su yanki ɓangaren saiwa su bar kan da idanunsa, su mayar da ƙasa su rufe, kada kuma su ƙarar da duk abin da ke wuri guda. Sarakunan magani da masu unguwanni su ne suka fi dacewa da isar da wannan saƙo.

Na biyu, hukumomin Rano da Kibiya, tare da dagatan garuruwa irin su Tarai da Durba da Fammar da Rurum, su ware gindin wasu duwatsu inda ba za a fasa dutse ko a kwashi marmara ba.

Na uku, mu malaman kwalejojin ilmi mu shigar da rawaya cikin darasi. Mun saba koyar da sassan fure da zanen littafi ko da furannin lambu da aka kawo daga waje, alhali ga fure babba, mai sassa bayyanannu, yana fitowa a tsakiyar zangon karatu. Gani ya kori ji. Ɗalibin da ya ga rawaya a kan toka zai fahimci yadda tsiro yake dacewa da mazauninsa fiye da wanda ya haddace.

Na huɗu, ɗalibai su tattara samfurin tsirran duwatsun nan, da ganye da fure da kwanso, a busar a adana a ma'ajiyar tsirrai ta Jami'ar Bayero ko ta Jami'ar Ahmadu Bello, tare da rubuta sunayensu na Hausa da na Fulfulde daga bakin dattawa da makiyaya. Wannan aiki ne da ya kamata malaman kimiyya da na harshe su yi shi tare.

8.0 Kammalawa

An nuna a wannan takarda cewa rawaya tsiro ne da ya raba shekararsa gida biyu: ganye da damina don tara abinci, fure da rani don barin iri, saiwa kuma ita ce take haɗa biyun. Wannan tsari ne ya ba ta damar zama a tsakuwar gindin dutse, inda fari da wuta suka hana wasu. Fari da wuta ba sa kai wa ga saiwar, amma diga da garma suna kai wa. Idan aka kiyaye lokacin haƙa, aka bar kan saiwa a ƙasa, aka kuma ware gindin wasu duwatsu, 'ya'yanmu za su san rawaya a daji kamar yadda suka san ta a baki.